Hutun Zanzibar daga Maraɗi: inda ajans ya yi ƙoƙari da inda ya gaza

Idan ajans na tafiye-tafiye ya ce zai haɗa maka hutun Zanzibar komai da komai, ka sakar masa biza da tikiti, amma zaɓen masauki kada ka bari ya fita daga hannunka. Ra'ayina ke nan bayan na biya kuɗina, mun je mun dawo ni da maiɗakina. Ba zan kama sunan ajans ɗin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma rabin aikinsu babu abin kushewa a ciki.

Mu mutanen Maraɗi ba baƙin jirgi ba ne. Alhazanmu sun san Jidda da Dubai da biranen Sin kamar yunwar cikinsu, sai dai duk tafiyar ko ta ibada ce ko ta saro kaya. Ka ce za ka kashe kuɗi don ka je ka zauna kana kallon ruwa, sai a yi maka kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Saboda haka ajans ɗinmu sun goge a Umra da bizar kasuwanci, hutun bakin teku kuwa sabon shiga ne a wurinsu, kuma hakan ya nuna.

Bari in fara da inda suka ci kuɗinsu halak malak, wato biza. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa ta cikin gida, tun haɗewar da ya yi da Tanganyika a 1964, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Yawancin Turawa suna sauka ne kawai su biya a filin jirgi a buga musu hatimi. Mai fasfo na Nijar ba ya cikin wannan gata, haka ma na Najeriya da Mali da Chadi. Mu muna cikin jerin ƙasashen da sai an aika takardunsu hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince tukuna, kuma abin yana cin makonni. Yaron da ya riƙe mana aikin ya san wannan sarai. Tun ranar farko ya ce mini, "Alhaji, ba zan yanka maka tikiti ba sai biza ta fito. Zan dai kama maka wuri, in ba ka takardar da za mu haɗa da neman." Na so in yi masa gardama don ina ganin farashin tikiti yana ta hawa, ya ce in yi haƙuri, gara a ƙara mini 'yan jikkuna da in sayi tikitin da ba zan hau ba. Shi ya cike komai ta intanet, ya ɗora hotuna da shafin fasfo da takardar otel, aka biya dalar Amurka 50 kowane mutum, yana bibiya yana turo mini halin da ake ciki ta WhatsApp har ranar da amincewar ta fito. Wanda ba ya jin Ingilishi, wannan kaɗai ya isa ya sa shi neman ajans, domin shafin nasu babu ruwansa da Faransanci.

Shi ne kuma ya tuna mana katin rigakafin shawara. Wanda ya fito daga Nijar ana tambayarsa katin, kuma mu an tambaye mu tun kafin mu kai wurin hatimi.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ko dai mu bi ta Ɗan Isa da Jibiya mu wuce Katsina zuwa Kano mu tashi daga can, ko mu hau bas zuwa Yamai, kilomita ɗari shida da wani abu, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma na zaɓi Yamai don ba na son haɗa ƙetare iyaka da lokacin tashin jirgi, ga shi muna da 'yan uwa a can da za mu kwana wurinsu. Daga filin jirgin Diori Hamani muka tashi zuwa Adis Ababa, muka canza jirgi zuwa Zanzibar. Babu jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye. Tikitin nan shi ne ya lashe kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar baki ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka Zanzibar araha ce, to ba daga Nijar ya tashi ba.

Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne inshora. Tun daga watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfaninta na gwamnati, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ana saye ta intanet a ba ka wata lamba da za a duba in ka sauka. Cikin lissafin da ajans ya rubuta mini babu wannan. Sai muna Yamai, jakunkuna a ɗaure, ya bugo waya yana cewa, "Alhaji, ka gafarce ni, akwai wani ɗan abu da ya rage." Dala 88 ga mutum biyu ba ɗan abu ba ne ga wanda ya riga ya ƙulle lissafinsa. Haka kuma harajin kwana da otel ke karɓa daban a kan kowane dare, shi ma sai a can na ji labarinsa. Wanda ya ce komai da komai, ya kamata komai ɗin ya shiga takarda.

Babban ƙorafina dai masauki ne. Hoton da aka nuna mana a ofis ruwa ne shuɗi yana lasar ƙafar gadajen hutawa. Otel ɗin da aka kama mana yana gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen garin Paje, tafiyar kusan awa guda daga filin jirgi. Mun isa da dare, muka kwana muna jin ƙugin teku. Da hantsi maiɗakina ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, ina ruwan?" Babu shi. Ya janye can nesa, sai farin rairayi shimfiɗe da 'yan kududdufai da jiragen katako kwance a gefe guda, kamar Gulbin Maraɗi a tsakiyar rani. Haka gabashin tsibirin yake: sau biyu a yini teku takan cika ta kuma janye, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Bakin ruwan can shimfiɗaɗɗe ne ba zurfi, shi ya sa in ya janye sai ya yi nisan da za ka yi ta tafiya kafin ya kai maka gwiwa. Hoton ajans ba ƙarya ba ne, amma na 'yan sa'o'in da ruwa ya cika ne. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, zurfin yana farawa kusa da gaɓa, ruwa yana nan safe da yamma. Duk direban tasi a tsibirin ya san wannan bambanci. Wanda ya sayar mana da hutun bai sani ba.

Ban ce gabas ba ta da abin kallo ba. In ruwa ya janye mata sukan fito da zannuwansu masu launi su shiga gonakinsu na ciyawar teku. Na tsaya kusa da wata dattijuwa ina kallon yadda take yi: turaku a kafe cikin rairayi, igiyoyi a miƙe tsakaninsu, tana zaune cikin ruwa iya ƙugu tana ɗaura 'yan rassan ciyawar a jikin igiya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta girma kuma ta tsinke ta cusa a buhu. Daga baya a shanya ta bushe a sayar, a kai waje a sarrafa. Noma ne sosai, da shuka da girbi, sai dai agogonsa teku ce. Na ji daɗin ganin wannan, amma da an gaya mini tun a Maraɗi da na raba kwanakin, wasu gabas wasu arewa.

Sai matsala ta biyu ta otel ɗin, wadda ta fi damun maiɗakina. Paje matattarar samarin Turawa ce masu wasan lilo da iska a kan ruwa. Mashaya tana tsakiyar wurin cin abinci, kiɗa har tsakar dare, shigar mutane kuwa ba sai na faɗa ba. Mace mai hijabi ba wanda zai ce mata kanzil, ma'aikatan ma Musulmi ne masu ladabi, amma ba ta sake ba. Akwai masaukai na iyali masu natsuwa a tsibirin, har da waɗanda ba sa sayar da giya. Ajans da ke zaune a Maraɗi, ya ga Alhaji da matarsa sun shigo, bai kamata sai an roƙe shi ya yi wannan tunani ba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne tsohon birni, wanda ake kira Stone Town, da ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidajen dutse masu benaye, ƙofofin katako sassaƙaƙƙu masu ƙusoshin tagulla. Sarakunan Oman ne suka mayar da nan cibiyar mulkinsu a ƙarni na 19, da kuɗin kanumfari da hauren giwa da bayi. An kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, kuma akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, ko miƙewa ba ka yi sosai. Mun fito ba mai magana. Mai yi mana jagora da Ingilishi yake bayani, ni kuma nawa na kasuwa ne, sai muka riƙa cike giɓin da ɗan Larabcin allo. Ajans ya yi alkawarin mai jin Faransanci, ba mu gan shi ba.

Salla ba ta yi mana wuya ba ko kaɗan, masallatai a kowane lungu. Abin da ya ɗaure mini kai ranar farko shi ne alƙibla. Mu a gida gabas muke fuskanta, can kuwa arewa sak, domin Makka tana saman tsibirin kusan a miƙe. Yawancin Musulmin can Shafi'awa ne, ga kuma Ibadawa, mabiya mazhabar Ibadiyya, jikokin mutanen Oman, kuma ba wanda ya dubi yadda na ajiye hannuna. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, abin lura ga mai kiran gida.

Abinci kuma sai wanda ya ci. Da magariba ake kafa tebura a lambun Forodhani a bakin ruwa, ana gasa kifi da jatan lande da wata halitta mai hannuwa takwas da maiɗakina ta rantse ba za ta taɓa ba. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti, kuma ka zaɓi wanda aka gasa a gabanka. Ni abin da ya fi burge ni ruwan rake ne da ake matsewa nan take da citta da lemun tsami, sai shinkafarsu ta pilau mai ƙamshin kirfa da kanumfari. Nama halal ne a gari, ba ka da fargaba. A gonar kayan ƙamshi da aka zagaya da mu na ga itacen kanumfari da idona, dogo ne, 'ya'yan kuma tohon fure ne da ake tsinkewa kafin su buɗe a shanya su yi baƙi. Shekara da shekaru ina sayensa a kasuwar Maraɗi ban taɓa tambayar daga jikin me yake fitowa ba. Sayen tsaraba kuwa a bari sai kasuwar Darajani, ta fi gonar sauƙi.

Akwai ƙananan abubuwa da na so a ce suna cikin takardar da ajans ke ba matafiyi. Sefa ba ta da amfani a can, ka tafi da dala ko yuro ka canza zuwa shilin, kuma dalar ta zama sabuwar bugawa don ana ƙin tsofaffi. Soket ɗinsu irin na Ingila ne mai baki uku, cajarmu ba ta shiga sai da mahaɗi. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019, don haka kilishi da dambun da za a ƙulla a nemi wani mazubi. Mota ta hagu take bi, ka kula wajen tsallaka titi. Sannan daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, lokacin ne otel ke karya farashi, kuma lokacin ne mu zafi ke korar mu daga gida. Wanda aka yi wa tayin rangwame a watan Afrilu ya san abin da ake sayar masa. Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Cikin kuɗin da muka biya har da shiga jirgin ruwa zuwa ƙaramin tsibirin Changuu, inda manyan kunkuran nan suke. Ranar da aka sa mana ba wanda ya zo ɗaukarmu, lambar da aka ba mu kuma ba ta shiga. Washegari na yi ciniki da wani mai jirgi a bakin ruwa na biya daga aljihuna.

Da muka dawo na je ofishin na zayyana masa duk wannan. Bai yi musu ba. Ya ce shi kansa bai taɓa zuwa ba, wani abokin hulɗarsu ne a can yake haɗa otel da yawon, su kuma su ɗora nasu su sayar. Ya ɗauko biro ya ce in maimaita masa sunayen wuraren arewan, ya rubuta Nungwi da Kendwa a bayan wata takarda. Kuɗin Changuu ya ce zai karɓo mini daga wurin mutumin nasu. Na ce to, Allah ya sa, kuma har yau da nake wannan rubutu saƙonsa na ƙarshe shi ne "Alhaji, ana kan magana."