Man Shafawa Mai Tsada Ko Man Kaɗanya: Abin Dubawa Kafin Ki Biya Kuɗi

Da zarar hunturu ya kama, fata ta fara kaushi, leɓe da diddige suka fara tsagewa, sai mata su shiga tambayar juna ko mayukan nan masu tsada da ake kawowa daga Turai da Amurka sun cancanci kuɗinsu. Amsar tana rubuce a bayan kwalba, a jerin sinadaran da yawancinmu ba ma tsayawa mu karanta.

Ɗauki man La Mer, wanda kamfanin Estée Lauder ya mallaka tun 1995, kuma ƙaramar kwalbarsa ta mililita 30 ta haura dala 150. Bayan ruwan ciyawar teku da ake tallarsa da shi, abubuwan da ke biye a jerin su ne man ma'adinai da basilin da gilisarin, wato kayan da ke cikin mayukan da kowane kanti yake sayarwa. Man yana da kyau, yana da laushi a jiki, amma kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne wajen suna da kwalba da talla. Nivea na gwangwani, wanda ake yi a Jamus tun 1911, yana riƙe danshi ba tare da ya tatike aljihu ba. CeraVe kuwa ya dace da mai fuskar da ba ta son maiƙo, in dai an samu na gaske. Mayukan da Turawa ke shafawa don su yi duhu ba su da wani amfani a gare mu: sinadarin DHA da ke ciki, a mai tsada da mai araha, rina matacciyar fatar sama kawai yake yi, ya goge cikin mako guda, kuma ba ya kare mutum daga rana.

Ni dai zaɓina man kaɗanya ne, kuma shekaru da dama ke nan ban sauya ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kuma kamfanin L'Occitane na Faransa daga hannun matan Burkina Faso yake sayen irin wannan man, ya zuba a gwangwani mai kyau, ya ninka farashinsa. Idan kika ɗebi kaɗan kika murza a tafin hannu, zai narke nan take, ki shafa bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba, domin a lokacin ne yake kulle danshi. A diddige mai faso ina ɗora basilin a kansa da daddare in sa safa. Aibinsa biyu ne: warin hayaƙi da wasu ba sa so, da nauyin da yake yi wa fuska mai ƙuraje. Kuma ba ya maye gurbin man kariya daga rana, wanda shi kam ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Abin da ya fi tsada haɗari shi ne jabu. Shekarun baya na sayi wani haɗin man shafawa a hannun wata mai talla a intanet, da farashin da ya sa na ɗauka ba zai zama na banza ba. Mako biyu fuskata ta yi haske har ana yaba mini, sai a wata na uku ƙuraje suka feso, gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi, fatar kumatuna ta yi sirara har jijiyoyi suna nunawa. Likitan fata ya gaya mini alamun maganin steroid ne, irin wanda ba a shafawa sai da umarnin likita, kuma na kusa shekara ina jinya.

Don haka duk man da aka ɗura a robar da ba ta da jerin sinadarai, ba lambar rajistar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya), ba ranar lalacewa, ki ajiye shi ko da wa ya kawo miki. Duk wanda aka ce zai haskaka ki cikin kwana bakwai, akwai yiwuwar an zuba masa steroid ko hydroquinone ko sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Gana ta hana shigo da mayuka masu hydroquinone tun 2016, a 2023 kuma NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Manyan sunaye ma ana kwaikwayonsu har da kwali da hatimi, saboda haka idan kika ga La Mer a kashi ɗaya cikin goma na farashinsa, ba garaɓasa kika samu ba. Shi kansa man kaɗanyar ana cuɗanya shi da mayuka masu araha, don haka ki saya a wurin wadda kika san ita ke yin sa, ki shinshina, ki murza a hannu, sannan ki gwada kaɗan a bayan kunne na kwana biyu kafin ki kai shi fuska.