Wasiƙa daga Liyon: yadda malaman yoga ke komawa aji

Yaya Malam, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ka isar mini da gaisuwa ga su Inna a Birni. Ka tambaye ni irin aikin da ake yi a gidan da nake zama a teburin karɓar baƙi, nan birnin Liyon na Faransa, kuma tun da kai malamin motsa jiki ne a makaranta, na ga ya dace in ba ka labarin a tsanake.

Gidan koyar da yoga ne, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi wanda asalinsa Indiya. Mutum yakan biya wajen yuro 20 don darasin awa ɗaya, sama da jaka 13 ke nan a kuɗinmu na sefa, a ba shi tabarmar roba da ɗaki mai ɗumi. Na san zuciyarka za ta fara zuwa kan addini, kamar yadda tawa ta yi. Tushen abin yana haɗe da ibadar Hindu, wasu malaman suna buɗe aji da rera kalmomin can, kuma a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi irin wanda ke ɗauke da waɗannan kalmomi. Ni ba na shiga ajin da ake yin haka, kuma ba wanda ya taɓa tilasta mini. Abin da ya riƙe hankalina shi ne yadda ake horar da malaman kansu.

Hanya biyu na gani. Akwai ta ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka, wadda aka kafa a 1999, inda matakin farko awa 200 ne, daga nan mai so ya ƙara 300 ya cika 500. Wasu sukan tafi Rishikesh a arewacin Indiya su gama awa 200 ɗin cikin wata guda, wasu kuma su yi ta a nan a ranakun Asabar da Lahadi, a kan kuɗin da sau da yawa yakan wuce yuro 2,000, wato fiye da sefa miliyan ɗaya da jaka 300. Akwai kuma hanyar tsofaffin ƙungiyoyin Turai, waɗanda ba sa ba da takardar shaida sai an yi aƙalla awa 500 cikin shekara 4. Gwamnatin Faransa ba ta da wata takarda tata ta wannan sana'a, don haka mai gida ne ke duba inda malami ya koyo kafin ya ba shi aji.

A ganina wata guda ya yi kaɗan ga wanda za a damƙa wa ƙashin bayan mutane. Ka tuna maɗorin unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa mahaifinsa kara da tsumma kafin a bar shi ya taɓa ko da targaɗe? Ta wannan fuska mun fi su haƙuri. Bara wata sabuwar malama da ta zo da takardar awa 200 ta danna bayan wani dattijo don ya ƙara sunkuyawa, sai ƙugunsa ya riƙe, ni na kira masa mota, kuma ya yi makonni bai dawo ba. Na kwana da abin a raina, domin da idona na ga yadda yake dafa bango yana fita.

Amma abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ba a kore ta ba. Mai gidan ta sa ta zauna a bayan ajin wata tsohuwar malama na tsawon wata biyu tana kallo, sannan ta tura ta horo a kan ƙugu da ƙashin baya. Wannan kuwa ba hukunci ba ne a wurinsu, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa: wanda yake son sunansa ya ci gaba da zama a rajistar Yoga Alliance dole ne duk shekara 3 ya nuna ya yi ƙarin karatu na awa 30, ya kuma koyar na awa 45. Saboda haka gidanmu yakan rufe ɗaki ɗaya wasu ranakun Asabar don malamai kawai. Wani lokaci darasin a kan masu juna biyu ne, wani lokaci a kan tsofaffi da ke yin motsin a zaune bisa kujera, wani lokaci kuma agajin gaggawa.

Na roƙi izini na zauna a ɗaya daga cikinsu, ranar da aka yi maganar gwiwa. Wani likitan gashin ƙashi ya zo da kwarangwal na roba, ya nuna cewa gwiwa an yi ta ne don lanƙwasawa da miƙewa, juyawarta kaɗan ce, kuma idan ƙugu ya ƙi buɗewa aka matsa wa mutum ya harɗe ƙafafu, guringuntsin gwiwa ne ke ɗaukar wahalar. A gabansa akwai wata malama mai furfura wadda ta fi shekara 30 tana koyarwa, zaune a tabarma da littafi da biro, kusa da wata yarinya wadda 'yar da ta haifa ma ta girme ta. Da aka zo gwaji, likitan ya gyara mata yadda take ɗora hannu a kafaɗar ɗalibi, ta yi godiya, ta rubuta. Sun kuma daɗe a kan neman izini kafin a taɓa jikin mutum, har yanzu akwai ɗan kati a gaban kowace tabarma da ake juyawa idan ba a son taɓawa.

Ina zaune ina tunaninka. Tun da ka fito daga makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai, sau nawa aka kira ka ƙarin horo? Na tuna da samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram da ke ɗaga ƙarafan mota da gwangwanayen siminti ba mai nuna musu yadda ake kare baya, da masu horar da 'yan kokowa da ke aiki da abin da suka gada kawai. Ba ɗaki mai ɗumi muke buƙata ba, inuwar darbejiya a harabar makarantarku ta isa, idan za a samu ma'aikacin gashin ƙashi daga babban asibitin Damagaram ya ba ku safiyar Asabar ɗaya duk bayan wata uku, a gayyato har da maɗora.

Na fassara abin da na rubuta ranar nan a kan gwiwa da ƙugu zuwa Hausa, shafi shida ne da zane, zan turo maka ta WhatsApp. Ka nuna wa abokan aikinka, ka kuma tambayo mini kuɗin motar da likitan zai buƙata, ni zan ɗauki nauyin zama biyu na farko in Allah ya yarda.

Ƙanwarka.