Ventolin Evohaler: mai saurin buɗe ƙirji, amma ba ya riƙe asma shi kaɗai

A kemis-kemis na Jos, daga Terminus zuwa Bukuru, shuɗin inhela ɗin nan shi ne abin da mai asma ya fara tambaya idan hunturu ya kama. Maganin da ke ciki salbutamol ne, fesa ɗaya mikrogiram 100, gwangwani ɗaya fesa 200. Yana sassauta hanyoyin numfashi cikin minti 5, aikinsa ya kai awa 4 zuwa 6. A wannan fannin ya cancanci yabo. Rawar hannu da bugun zuciya da wasu ke ji bayan shaƙa sukan lafa da kansu.

Inda ake asarar maganin shi ne wajen shaƙa. Mutum ya danna bai girgiza ba, ko ya danna bayan ya gama jan numfashi, sai maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Yadda ya dace: a girgiza, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakin inhelar, a fara ja a hankali sannan a danna, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Yara da tsofaffi da wanda ciwon ya tasar wa da wuya su iya haɗa dannawa da ja, don haka mu a wurinmu sayen bututun sifesa, wanda ake haɗawa tsakanin inhelar da baki, tare da shi dole ne. Fesa ɗaya a lokaci guda, a ja numfashi sau 4 ko 5 a ciki. Ƙaramin yaro a sa masa mai murfin fuska. Sifesa a wanke da ruwan sabulu a bar shi ya bushe da iska. Goge shi da tsumma na sa maganin ya manne a jikinsa.

Aibinsa babba: ba shi da lamba mai nuna fesa nawa suka rage. Gwangwanin kan ci gaba da huci bayan magani ya ƙare, kuma jefa shi a ruwa don gwaji ba abin dogaro ba ne. A rubuta ranar da aka buɗe shi. Da sanyin asuba na Jos kuwa, a ɗumama gwangwanin a tafin hannu kafin a fesa. Idan ya yi kwana 5 ba a taɓa shi ba, a fesa biyu a iska tukuna.

Tun da GSK, kamfanin da ke yin sa, ya janye harkarsa ta kai tsaye daga Najeriya a 2023 kuɗinsa ya tashi. Salbutamol na wasu kamfanoni mai lambar NAFDAC aiki ɗaya suke yi, kada tsada ta sa a koma ƙwayoyin salbutamol na haɗiya.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu rayuwa a kansa kawai. Ba ya taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin numfashi, wanda ƙurar hunturu da hayaƙin itace da turaren wuta ke ƙara hurawa. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara, ko tari ke tashinsa da dare, ya je asibiti a rubuta masa na rigakafi irin beclometasone ko budesonide, ya riƙa kurkure baki bayan shaƙa. Idan ciwon ya tashi, a zaunar da mai ciwon, a ba shi shuɗin inhelar fesa ɗaya kowane minti ta sifesa har 10. Bai samu sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana, a wuce sashen gaggawa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibiti mafi kusa nan take.