Lost Odyssey, Xenoblade 3 ko Persona 3: wanne ya cancanci kuɗinka?

Gem ukun nan na Japan duk maganar mutuwa suke yi, amma kowanne da hanyarsa, kuma da tsadar kaya yanzu ba kowa ne zai iya haɗa ukun ba, to bari in faɗi abin da na gani.

Lost Odyssey shi ne tsohon cikinsu, ya fito Japan a 2007 a kan Xbox 360, aikin Hironobu Sakaguchi ne, mutumin da ya ƙirƙiro Final Fantasy. Jarumin gem ɗin, Kaim, ya yi shekara 1000 a duniya baya mutuwa, kuma ya manta rayuwarsa ta baya, sai kana cikin yawo a gari wani abu ya tuno masa, allo ya koma rubutu zalla da kiɗa a hankali kana karanta labarin wani da ya sani ya binne. Akwai wurin da ya tarar da 'yarsa Lirum tana gargara, ta cika a gabansa, kai da kanka kake tattaro furanni da itace don jana'izarta, jikokinsa biyu suna kuka, wallahi ajiye kwantirola na yi na ɗan fita waje. Har cikin faɗa an saka wannan tunanin, marasa mutuwa in an kayar da su suna tashi da kansu bayan ɗan zagaye, amma fasahar faɗa a wurin masu mutuwa suke koyonta.

Matsalarsa kuwa babu shi a PlayStation, babu a kwamfuta. Sai Xbox 360, ko Xbox One da Series da suke karɓarsa. Faifai huɗu ne, in na hannu za ka saya ka ƙirga su a gaban mai shago kuma a gwada maka kowanne, don faifai ɗaya ya karce labari ya tsaya kenan. Series S bata cin faifai sai dai ka saya ta intanet. Sannan sai a wurare na musamman ake sebin, wato adana inda ka kai a gem ɗin, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar kogo to aikinka ya tafi. Faɗan kuma na bi da bi ne, mai gaggawa zai gaji.

Xenoblade Chronicles 3 na 2022 kishiyarsa ne. A nan sojojin Keves da Agnus, ƙasashe biyu masu yaƙi da juna, shekara 10 kacal suke rayuwa, Noah da Mio aikinsu busa sarewa su raka waɗanda suka mutu a fagen fama, ita Mio ma watanni kaɗan suka rage mata tun farkon labari. Na Nintendo Switch ne, kuma nan ya fi sauran, ka yi caji ka kwanta kana bugawa ko babu wuta. Sai dai dogo ne sosai, kuma allon faɗa cike yake da lambobi da surutu, awannin farko duk koyarwa ce.

Persona 3 Reload na 2024 shi ya fi sauƙin samu, yana PS4, PS5, Xbox da kwamfuta. 'Yan makaranta ne, kalanda na tafiya kullum, ranar da ta wuce bata dawowa, kai za ka zaɓi da wa za ka ɓata yammacinka. Amma ku sani yadda suke kiran ƙarfinsu na faɗa, wato Persona, shi ne su ɗora wani abu mai kama da bindiga a kai su harba, ni dai ba zan saya wa ƙanena ba, kuma hawa hasumiyar Tartarus, inda ake faɗa da dodanni, bene bayan bene yana gundura.

Dukkansu sai da Turanci mai ɗan ƙarfi, musamman Lost Odyssey da daɗinsa yake cikin karatu. Mai PS4 ya ɗauki Persona, mai Switch ya ɗauki Xenoblade. Amma in kana da Xbox da wuta tsayayya ko inbata, kar ka yi dogon tunani, nemi Kaim.