Yamaha C40: jitar da ta dace da mai fara koyon haɗa sauti

Ga wanda bai taɓa riƙe jita ba, C40 ta cancanci kuɗinta, kuma dalilin yana cikin tsirkiyoyinta. Na nailan ne, ba na ƙarfe ba, don haka yatsu ba sa yin zogi sosai kafin su yi kanta. Wuyanta yana da faɗin milimita 52 daga sama, na F310 kuwa, wato jitar Yamaha mai tsirkiyoyin ƙarfe, 43 ne. Faɗin nan yana hana yatsa taɓa tsirkiyar da ke maƙwabtaka, sai dai mai gajerun yatsu zai ɗan sha miƙa wajen kama haɗin sauti (chord, wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) irin su C da G.

A saita ta da manhajar GuitarTuna, daga tsirkiya ta 6, mafi kauri, zuwa ta 1, sautin kowace a jere: E, A, D, G, B, E. Sabon nailan yana saki na kwanaki, kada a ɗauka jitar ce ta lalace. A riƙa gyarawa kafin kowane zama.

A fara da haɗin sautin Em. Yatsan tsakiya a tsirkiya ta 5, na zobe a ta 4, duka a gaɓa ta biyu (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan da suka gitta wuyan jita, ana ƙirgawa daga sama), sannan a kaɗa shidan. Daga nan Am ba nisa: yatsun biyu su sauko zuwa ta 4 da ta 3, manuniya ta hau ta 2 a gaɓa ta farko, a bar ta 6 kada a taɓa ta. In aka ɗauke yatsan zobe kaɗai aka kai shi ta 5 a gaɓa ta uku, an samu C. Minti 15 kullum a kan wannan sauyi ya fi awa biyu ranar Lahadi. F kuwa a jinkirta ta, ita ce ke korar masu koyo.

Idan sauti ya dushe ko ya yi ziza, yawanci laifin hannu ne. Ko dai farce ya yi tsawo, ko yatsa ya kwanta maimakon ya tsaya da kansa, ko an danna nesa da ƙarfen gaɓa. A matso dab da bayansa, a kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har a gano mai matsalar.

Da hunturu a ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana, domin bushewar iska tana tsaga katako.