Kayak Mai Rami Don Kamun Kifi: Wanne Ya Dace Ka Saya?

Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna yankin ƙanƙara na Alaska, Kanada da Girinlan, waɗanda suke ƙera shi da itace da fatar dabbar ruwa don farauta. Na kasuwa a yau iri biyu ne: mai rami, wanda kake zura ƙafafu ciki ka zauna a ƙasa, da wanda ake zama a bisa bayansa.

Yawancin masu fatsa na biyun suke saya, domin yana da filin ajiye kaya, kuma ruwan da ya hau kansa ta ƙofofin ƙasa yake zurarewa. Amma yana da nauyi, sau da yawa kilo 30 zuwa 45. Mai rami kuwa bai cika wuce kilo 20 zuwa 27 ba, mutum ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa har bakin ruwa. Zama a ƙasa yana rage tangaɗi, iska ba ta turo shi sosai, cinya da ƙafa suna samun kariya daga feshin ruwa lokacin hunturu. A tafki, madatsar ruwa da kogi mai tafiya a hankali, ya wadatar. A teku mai taguwa, ko ga mai son jefa ƙugiya a tsaye, a nemi wanda ake zama a bisa bayansa.

Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne bangon cikin jirgin. Ka leƙa bayan kujera: akwai katangar soso ko ta roba da ta raba wani ɗaki wanda ruwa ba ya shiga? Wannan ɗakin ne yake riƙe jirgin a saman ruwa idan ya kife. Masu araha da yawa ba su da shi, kuma da zarar sun cika da ruwa sai su nutse har baki, ba ka iya komawa ciki, ba ka iya ja da su zuwa gaɓa. Mai bango biyu, gaba da baya, shi ne mafi aminci. Idan na baya kaɗai ke akwai, kamar yadda yake a Pungo 120 na kamfanin Wilderness Systems, sai ka sayi jakar iska ka cusa a hancin jirgin. Wanda ba shi da ko ɗaya, kada ka yi nisa da gaɓa da shi, kome kyan farashinsa.

Sai tsawo. Mai mita 3 yana da sauƙin juyawa da ɗauka, amma duk bugun filafili sai hancinsa ya karkata, kafin ka yi kilomita biyu ka gaji. Mai mita 4.3 yana tafiya sak, sai dai yana wahalar juyawa cikin ciyayi. Ga mai fatsa, mita 3.6 ya fi dacewa, da faɗin santimita 72 zuwa 80. Ƙasan da yake shimfiɗe yana zama daram a kan ruwa mai lafawa, wanda ke da ɗan tsini a tsakiya kuma ya fi riƙe hanya.

Lambar nauyin da kamfani ya rubuta tana ruɗin mutane. Ka haɗa nauyinka da na kayanka da na kifin da kake sa ran kamawa, kada jimillar ta wuce kashi 70 cikin 100 na lambar. Mai kilo 80 da kaya kilo 20 yana buƙatar jirgin da aka rubuta wa aƙalla kilo 145.

Bakin ramin ya zama mai faɗi, tsawonsa ya kai santimita 120 ko fiye, don ka samu wurin ajiye akwatin ƙugiya tsakanin gwiwoyi, ka kuma iya fita da sauri. Ka zauna a kujerar minti goma a shagon, ka gyara matakan ƙafa har gwiwarka ta ɗan lanƙwashe. Kujerar da ta dame ka a minti goma, bayan awa huɗu a kan ruwa ba za ka iya miƙewa ba.

Galibinsu da robar foliyetilin ake yin su. Tana jure dutse da gogayya, amma zafin rana yana lauya ta, ya kuma sa ta yi gautsi. Idan na hannu za ka saya, ka kifa shi ka duba ƙarƙashin kujera ko ya lotsa, ka danna da yatsa inda launi ya kode, ka duba dunduniyar jirgin ta baya inda ja a ƙasa ke cinyewa. Na fayiba, wato zaren gilashi da aka daskarar, ya fi sauƙin nauyi, ya fi tsada, kuma yana tsagewa idan ya daki dutse.

Ka ware kuɗin filafili mai santimita 230 zuwa 240, da rigar ceto da za ka riƙa sawa a jiki, da famfon hannu da soso na kwalfe ruwa, da mariƙin sandar fatsa biyu a bayan kujera. Anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, mai kilo 1.5 ya isa, amma igiyarsa ta fita ta hanci ko ta baya. Ɗaure shi a gefe cikin ruwa mai gudu yana kifar da jirgi nan take. Haka ma babban kifi kamar giwan ruwa: ka riƙe sandar tana fuskantar hancin jirgin, ka bar shi ya ja ka har ya gaji. A kogin Neja da tafkin Kainji kuma, ka tambayi masuntan wurin inda dorina take zama kafin ka saka jirgi a ruwa.