Darasin tarihi a wata makarantar yamma ta Bukoki: ko ya ci kuɗinsa?

A unguwar Bukoki, nan Yamai, akwai wata makarantar yamma da ke koya wa manya tarihin ilimi a ƙasashen duniya, ana biyan jika uku a wata. Darussan wannan watan sun tsaya ne kan makarantun ɓoye na ƙauyukan Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Birtaniya, kuma a ganina sun ci kuɗinsu.

Mushen ya san abin da yake koyarwa. Ya fara da dokar 1695, wadda masu mulki ƴan Furotesta suka kafa don hana Katolika koyarwa ko tura ƴaƴansu karatu ƙasar waje, sannan ya zo kan ta 1709, da ta sa ladar fam 10 ga duk wanda ya tona asirin malamin Katolika. Duk da haka manoma suka riƙa ɗaukar malami da kansu, wani ya biya da kuɗi, wani da dankali ko man shanu, yara kuma na koyon karatu, rubutu da lissafi a bayan shinge ko cikin bukka, har da Latin da Girkanci a yankuna irin su Keri.

Abin da na fi yabawa shi ne bai yi wa labarin ado ba. Ya bayyana cewa an sassauta dokar a 1782, ta yadda wani bincike da hukuma ta yi a 1824 ya tarar da irin waɗannan makarantu kusan 9,000 da ɗalibai wajen 400,000, galibinsu suna aiki a fili. Ya ƙara da abin da bai yi wa wasunmu daɗi ba, wato iyayen da kansu ne suka fi neman a koya wa yara Turanci saboda kasuwa da kotu, lamarin da ya taimaka wajen raunana harshensu na gado tun kafin makarantun gwamnati na 1831 su fara janye ɗaliban.

Inda aka gaza shi ne kayan aiki. Babu taswira, babu takardar da mutum zai tafi da ita gida, kuma da wani dattijo ya nemi a kwatanta da makarantar allo, wadda ita ma iyaye ne ke ɗaukar nauyinta, sai aka ba shi amsa a gurguje. Ɗakin yana da zafi idan aka ɗauke wuta, don haka mai niyyar zuwa ya riƙe littafin rubutu, ya kuma zo da wuri ya samu benci kusa da taga.